Wayar Bakwai Ba Ta Barin Sawu

Maigida, mai kamfanin kai saƙonni a kan babur, ya ce kwana ɗaya ya isa. Tsohon da ake kira Mai Sawu ya ce biyu, in ba haka ba a nuna masa hanyar fita.

"To, biyun," in ji Maigida. "Amma jibi da rana tsaka in ba a ga akwatin nan ba, da hannuna zan miƙa Bakwai ga 'yan sanda. Faɗi ladanka, Baba."

"Maganin gwiwa nake karɓowa duk wata a can ƙarshen gari, sai na shiga mota biyu. Mutanenka su riƙa kawo min har ƙofa, shekara guda."

"Shi ke nan?"

"Da saura. Ka ce in bi Bakwai. Ni ba na bin mutum, sawu nake bi. In ya kai ni ƙarƙashin gadonka, nan zan tsaya."

Maigida ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, suka tafa.

Shekara talatin Mai Sawu ya yi a gandun daji yana bin masu harbin namun da aka hana, har gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu masu kasuwancin da ba sa son sunansu ya fita su ne ke aika masa in abu ya ɓace. Wannan karon ƙaramin akwati ne na wani maƙerin zinare, sarƙa da awarwaro da aka gyara za a kai wa mai su. An kulle shi a kejin ƙarfe na cikin sito. Jiya, lokacin hutun cin abinci, ya yi ƙafa, kuma ba a fasa kwaɗo ba. Makulli uku ne: na Maigida, na Mai Sito, da na babban ɗan aike, wanda kowa ke kira da lambar rigarsa, Bakwai.

*

Ɗakin da aka fara kai Mai Sawu akwai sanyin na'ura, da wani faffaɗan allo a bango mai taswirar gari, ɗige-ɗige masu lamba suna yawo a kai kamar kiyashi. Mai kula da shi ɗan 'yar'uwar Maigida ne, saurayi mai tsabta da gilashi a ido, Mai Allo ake ce masa.

"Kowane ɗigo mutum ne, Baba," ya ce. "Wayarsa ce ke gaya min inda yake. Ga Uku ya tsaya shan mai. Ga Biyar, ƙarya zai yi min ya ce cunkoso ne, alhali gidan budurwarsa ne nan."

"Ina Bakwai?"

"Yauwa! Tambayar ke nan. Yau kwana takwas da ya kai wayarsa aka wanke ta tas, aka zuba mata wani tsari wai na sirri. Tun ranar ɗigonsa ya ɓace. Kawu ya ba shi mako biyu ya gyara, yana ta aiki da takarda kamar zamanin kakanni. Mutum in ba shi da abin ɓoyewa, me zai kai shi?"

Ya kunna hoton kyamarar bakin ƙofa. Ƙarfe ɗaya da minti biyar, wani ya shigo a ƙasa sanye da rigar lamba bakwai, hular kwano a rufe, safar hannu, takalman aiki. Bayan minti biyar ya fito da jaka a kafaɗa, ya yi hannun dama.

"Kuma jiya ranar hutunsa ce," in ji Mai Allo.

"Maimaita min." Ya maimaita. "Kuma." Sau huɗu tsohon ya kalla, ba fuska yake nema ba, ƙafa yake kallo. Da zai fita ya ce, "Kai naka ɗigon fa, wanne ne?"

"Ni ai ni ke kallo, Baba," in ji Mai Allo yana dariya.

*

Tsakar kamfanin duk siminti ne. Mai Sawu ya yi tsaki, ya ce mutanen birni sun rufe wa ƙasa baki don kada ta ba da shaida. Amma kusa da ƙofar baya, inda babu kyamara, baƙin mai ya zuba an watsa masa yashi, kuma takalmi ya taka shi sau biyu, yana shigowa. Tsohon ya durƙusa da ƙyar. Diddigen ya ja yashin kaɗan kafin ya zauna.

Mai Sito na tsaye a kansa, ƙato ne mai saurin fushi. Ba a tambaye shi ba ya fara.

"Ni da makullina muna gidan abinci, mutum shida suka gan ni. Na sani an ce maka mun yi faɗa da Bakwai. Mun yi! Gobe ma za mu yi. Ya cika iyayi. Tun da ya sake wayar nan ya hana mu sakat, wai mu duk tsirara muke yawo, shi kaɗai ya sa wando."

"Ina yake ajiye rigarsa?"

Ya nuna masa jerin akwatunan bango. Na bakwai ƙofarsa ta lanƙwashe, ba ta kulluwa. Riga na rataye, hula a sama, takalma a ƙasa da baƙin mai a tafinsu. A aljihun ciki ga makullin keji.

"Nan yake barin makullin?"

"Na yi magana har na gaji. Wai ai duk 'yan'uwa ne."

"Wa ya san da haka?"

Mai Sito ya leƙa akwatin. Ya dubi takalman, ya dubi nasa ƙafafun, ya ce da sauri, "Ni dai ƙafata ba za ta shiga wannan ba."

"Na gani tun ɗazu," in ji Mai Sawu.

*

Hannun dama da ƙofar kamfanin akwai ɗan shagon ruwa da lemo da biskit na wata dattijuwa da duk 'yan aiken ke kira Inna. A kan kantarta akwai na'urar biya, irin wadda ake ɗora wa kati ko waya ta yi ƙara, ta tofo 'yar takarda. Takardun duk tana soke su a wata doguwar ƙusa.

"Bakwai ne mana," ta ce. "Na so a ce ba shi ba ne, amma ido ba ya ƙarya. Jiya ya shigo da jakarsa, ya nuna ruwa, ya ɗora waya, ya fita."

"Ya gaishe ki?"

"Ko uffan. Shi da kullum sai ya ce min amarya, yaushe za ki rage min farashi. Na ce yau an taɓo shi."

"Kin ga fuskarsa?"

"Hula a rufe. Amma wa ke da bakwai a baya in ba shi ba? Kuma wa ya kai shi son ɗora waya? Kullum sai ya ɗaga ta sama kowa ya gani kafin ya ɗora."

"Yi min yadda ya yi jiya. Ga gorar ruwa, ni ne ke, ke ce shi."

Inna ta yi dariya, ta ce tsufa dai bai hana wasu wasa ba. Ta nuna ruwa da yatsa. Ta laluba aljihu. Sai ta ja yatsun hannun dama ɗaya bayan ɗaya, ta maƙale abin da ta cire a hammata, ta danna babban yatsa a tafin hagu, sannan ta ɗora.

"Mene ne wannan da kika cire?"

"Safa. Ya cire ya dangwala yatsa, wayar ta kawo haske."

"Kullum haka yake yi?"

Ta tsaya, hannunta a sama. "Ka ga kuwa... a'a. Shi da safarsa yake ɗorawa, ƙit, ya wuce. Ko kallon wayar ba ya yi."

Mai Sawu ya nemi takardar jiya ta ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Karatunsa bai yi nisa ba, amma lamba ba ta gagare shi. A ƙasan takardar akwai taurari jere, sannan lamba huɗu. Ya ninke ta ya sa a hula.

*

Bakwai yana gida, ɗaki biyu a hawa na uku. Matarsa ta kawo ruwa, ta koma ciki ba ta rufe ƙofa duka ba. Mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, idanunsa sun yi ja.

"Ina kake jiya ƙarfe ɗaya?"

"Ba na kamfani."

"Ban tambaye ka inda ba ka ba."

"Baba, ka yi haƙuri. Wannan tsakanina da iyalina ne."

"Jibi tsakaninka da 'yan sanda zai zama. Su ba sa cewa ka yi haƙuri."

Daga bayan ƙofa matar ta ce, a hankali, "Gaya masa mana. Ai ya haife mu."

Sai Bakwai ya fayyace masa. Shekara shida da aure, babu haihuwa. Wata uku ke nan suna zuwa wani asibiti na masu neman haihuwa, ranar hutunsa. Rannan a gaban mutane Mai Allo ya ce masa, "Bakwai, me kake kaiwa layin asibitin nan duk ranar hutu? Ko injin ne ya ƙi tashi?" Aka yi ta dariya. Washegari ya kai wayar aka sake mata tsari.

"In na ce ina asibiti, sai an je an tambayo. In an tambayo, duk kamfani sun ji. Ni zan iya ɗauka. Ita fa?"

"Ba ni wayar in gani."

Ya miƙa. Mai Sawu bai ko taɓa gilashin ba, juya ta ya yi. Rigar roba ce baƙa a jikinta. Ya karkata ta wajen taga, ya bi bayan da ɗan yatsa. Akwai wani shaci mai kusurwa huɗu da ya fara fitowa a robar, gefensa ya yi sheƙi don goga da aljihu.

"Inna ta ce kullum da ita kake biya."

"E, tana yi," in ji Bakwai, yana kallon bango.

"Madalla," in ji tsohon, ya miƙa masa abinsa.

*

Wadda ta yi aikin wayar wata matashiya ce mai rumfar gyara a ƙarƙashin gada, Injiniya ake kiranta. Mai Sito ya riga ya rantse cewa bakinsu ɗaya da Bakwai, ita ta koya masa ɓatar da sawu don su raba. Tana ganin tsohon ta ajiye ɗan sukundireba.

"In an turo ka ne ka ce ni ɓarauniya ce, Baba, layi za ka bi, mutum biyu sun riga ka."

"Tambaya na zo yi, 'yata. Me kika yi wa wayarsa?"

"Na cire tsarin da ta zo da shi, mai kai rahoton mutum ko'ina, na sa mata wanda ba ya magana sai an ba shi izini. Ba laifi ba ne. Kuma na gaya masa gaskiya tun kafin in fara: za ka samu sirri, amma manhajar da kake ɗora waya ka biya da ita ba za ta yarda da sabon tsarin ba. Ya ce ya ji ya gani."

"Mai shago ta ce kullum yana ɗorawa, tana karɓa."

"Ba da wayar da na taɓa ba. Na gwada a gabansa sau uku."

Mai Sawu ya ciro takardar daga hula. "Wannan lamba huɗun fa?"

"In da kati aka biya, ƙarshen lambar katin ne. In da waya ne, wayar ba ta bayar da lambar katin, wata take bayarwa a madadinta. Shi ya sa masu rabin sani ke cewa biyan waya ba ya barin alama."

"Ba ya bari?"

"Lambar aro ce, amma kullum ita ɗin ce dai take fitowa."

Tsohon ya yi murmushi karon farko tun safe. Ya ce a daji ma akwai masu ɗaura fata a tafin takalmi don kada a gane su, sai su manta fatar ma tana da nata shaci.

*

Ranar da wa'adi ya cika, Mai Sawu ya sa Maigida ya tara su a shagon Inna ƙarfe goma sha ɗaya: Bakwai, Mai Sito, Mai Allo, Injiniya, da 'yan aiken da ba su fita ba. Ya ce a gaban kowa za a haɗa Bakwai da mai shaida. Shi kuwa bai zo ba sai sha biyu saura. Shagon rufin kwano ne, fanka kuma Inna ta ce ta lalace tun safe. Kafin ya iso an yi gumi, an yi tsaki, kowa ya sayi abin sha. Mai Allo har biyu ya saya.

"Baba, ka shanya mu," in ji Maigida.

"Gwiwa ce. Bakwai, zo ka saya min ruwa."

Bakwai ya zo, ya ɗora waya, na'ura ta yi ƙara.

"Kun gani!" in ji Mai Allo. "Haka ya yi rannan."

"Cire mata riga ka sake."

Bakwai ya dubi tsohon kamar zai roƙe shi. Sannan ya ɓare robar. Katin banki ya faɗo kan kanta. Ya ɗora wayar tsirara, shiru. Ya sake, shiru.

Mai Sito ne ya fara fashewa. "Kai! Ashe mai wando ɗan kamfai ya ara! Kwana goma kana ɗaga mana waya, ashe kati ne a ciki!"

Aka yi dariya har da Inna. Bakwai ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Mai Sawu ya bari aka gama.

"To kun ga dai wayarsa ba ta biya. Kunya ce ta sa ya ɓoye, don ya riga ya cika baki. Shi ya sa ba ya cire safa, kati ba ya neman yatsa. Wanda ya shigo nan rannan sai da ya cire safa ya dangwala. Wayarsa ta gaske ce ta biya. Ya sa rigar Bakwai, ya sa takalmin Bakwai da ya yi masa yawa har diddige na ja, ya shigo nan don a gan shi, ya ɗora waya don ya san da haka aka san Bakwai. Ya kwaikwayi abin da ya gani, bai san abin da ke bayan roba ba. Daga nan ya zagaya ta ƙofar baya ya mai da kaya. Ni tun farko abin bai zauna min ba. Mutumin da ya wahala ya goge kansa daga taswira, shi ne zai zo sata da lamba kamar faranti a baya?"

"To wane ne?" in ji Maigida.

"A daji in ina son sanin wa ke zuwa ruwa, ba na bin kowa. Share bakin ruwan nake yi, in tafi in dawo. Inna, kunna fankarki, ki ba ni na yau."

Fanka ta tashi lafiya lau. Inna ta zaro takardun safiyar daga ƙusa. A bayan kowace ta yi 'yar alama da biro: ƙato ga Mai Sito, gilashi ga Mai Allo, da sauransu. Tsohon ya shimfiɗa su a kan kanta, ya ciro ta cikin hula ya ajiye a gefe.

"Idona ya tsufa. Maigida, karanta da kanka."

Maigida ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A kan ta biyar yatsan ya tsaya: lambarta ɗaya da ta takardar cikin hula. Ta shida ma lamba ɗaya ce. Ya juya su, ya ga alamar gilashi.

"Wannan ba hujja ba ce, Kawu," in ji Mai Allo, muryarsa ta sirance. "Waya ba ta bayar da lambar kati, kowa ya sani."

"Wa ya ce lambar kati ce?" in ji Injiniya. "Ɗora ta uku mu gani."

Bai ɗora ba. Ya dubi ƙofa, Mai Sito ya riga ya cika ta.

"Ɗan Yaya," in ji Maigida a hankali, "ina akwatin mutane?"

Akwatin yana cikin wata matacciyar na'urar buga takarda, ƙarƙashin teburin da Mai Allo yake zama yana kallon kowa. Bai ma fita daga ginin ba, jakar da kyamara ta ɗauka babu komai a cikinta.

*

A bakin ƙofa Maigida ya tare Bakwai, ya ba shi haƙuri, sannan ya ce, "Amma don Allah, ina kake ranar nan?"

Bakwai ya dubi Mai Sawu.

"Sawun bai bi ta nan ba," in ji tsohon. "Abin da ka ɗauke ni in nemo ga shi a hannunka."

Ga yadda aka tashi. Maƙerin zinare ya samu kayansa, bai taɓa jin sun yi yawo ba. Maigida ya tsira da sunan kamfaninsa, ya rasa ɗan 'yar'uwa a ofis, kuma Yayarsa ta daina ɗaukar wayarsa, ko da yake bai kai yaron ko'ina ba, abin da da Bakwai ne da tuni yana bayan kantar 'yan sanda. Mai Allo ya rasa kujera da allo, yanzu shi ake nunawa da baki in ya wuce. Injiniya ta samu 'yan aike biyar a mako ɗaya, kowa na son a rufe wa wayarsa baki, har sai da Maigida ya sayo wayoyin aiki dabam waɗanda ake ajiyewa a ofis in an tashi. Bakwai ya rasa bakin cika, don har yau in ya shiga shagon Inna sai Mai Sito ya ce a ba mai kati hanya. Amma aikinsa na nan, kuma gaskiyar abin da ke kai shi layin asibiti ranar hutu mutum uku ne suka sani a duniya.

Na ukun kuwa, wato Mai Sawu, farkon kowane wata sai ya ji babur ya tsaya a ƙofarsa. Bakwai ne ke kawo maganin da kansa, ba ya yarda a ba wani. Tsohon bai taɓa tambayarsa labarin asibiti ba. A wata na tara ne, yana karɓar ƙunshin, ya ga an ɗaure wani ɗan ƙaramin bahon wanka na roba a bayan babur ɗin. Ya dube shi, ya dubi Bakwai, ya ce gwiwar dai da sauƙi, a gaida mutanen gida.